Darasi na Goma Sha Huɗu: Humphrey Lyttelton, Mabushin Ƙaho Kuma Ma'aikacin Rediyo

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. ba da taƙaitaccen tarihin Humphrey Lyttelton;
2. bayyana yadda ya koyi kiɗan jaz da yadda ya ƙware a kansa;
3. amfani da sababbin kalmomi da suka shafi kiɗa da busa da rediyo;
4. gina sunaye da ɗafa-goshin "ma-".

GABATARWA

Ɗalibai, a darussan da suka gabata kun karanta game da makaɗa da mawaƙan ƙasar Hausa. A wannan darasi za mu ƙetare teku zuwa Ingila, mu duba rayuwar wani mabushi mai suna Humphrey Lyttelton, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 2008. Mutanen ƙasarsa sun san shi da sana'a biyu: busa ƙaho a kiɗan da ake kira jaz, da gabatar da shirye-shirye a gidan rediyon BBC.

Akwai dalilin da ya sa aka zaɓo muku labarinsa. Jaz ba kiɗan Ingila ba ne, kuma Lyttelton bai gaje shi a gidansu ba. Daga nesa ya koye shi, ta hanyar sauraro, kamar yadda mutum yake koyon harshen da ba a haife shi a cikinsa ba. Ku da kuke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, wataƙila kun taɓa yi wa kanku wannan tambaya: shin wanda ya koyi abu daga waje zai iya ƙwarewa har masu abin su amince da shi? Ku riƙe wannan tambaya a zuciya yayin da kuke karatu.

MENE NE JAZ?

Jaz kiɗa ne da ya tsiro a birnin New Orleans, a kudancin Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro shi, wato jikokin mutanen da aka kwashe daga Afirka aka sayar a matsayin bayi. Sun haɗa abubuwa da dama wuri ɗaya: waƙoƙin aikin gona, waƙoƙin coci, waƙoƙin koke da ake kira blues, da kuma badujalar soja wadda daga gare ta suka samo kayan busa na ƙarfe. An fitar da faifan jaz na farko a 1917.

Abubuwa biyu za su taimaka muku ku gane wannan kiɗa idan kun ji shi. Na farko shi ne kira da amshi. Mabushi ɗaya yakan busa ɗan gajeren kari, sauran su amsa masa, kamar yadda 'yan amshi suke karɓa wa mawaƙi. Na biyu shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗan sukan fara da karin da kowa ya sani, sannan a ba kowannensu dama ya busa abin da ya zo masa a rai, muddin bai fita daga ma'aunin kiɗan ba. Saboda haka gwanin jaz ba ya maimaita busarsa ta jiya daidai da daidai a yau.

Kayan busan da Lyttelton ya ƙware a kansa wani ƙaho ne na tagulla. Ya yi kama da begilar soja, sai dai yana da maɓallai uku a samansa. Bututunsa ya kai kusan mita ɗaya da rabi, amma an naɗe shi don ya yi sauƙin riƙewa. Mabushi yakan matse leɓɓansa a bakin ƙahon ya hura iska, karkarwar leɓɓan ita take haifar da sauti. Idan ya danna maɓalli, hanyar da iskar take bi sai ta ƙara tsawo, murya kuma ta sauka ƙasa. Ku kwatanta shi da kakakin da ake busa wa sarakuna: kakaki dogo ne miƙaƙƙe, ba shi da maɓalli, don haka muryoyinsa kaɗan ne. Da maɓallan nan uku da kuma leɓɓansa, mabushin ƙaho yana iya fitar da kowace murya da waƙa take buƙata.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Humphrey Lyttelton ranar 23 ga Mayu, 1921, a cikin makarantar Eton, wadda take kusa da garin Windsor a yammacin Landan. Eton tsohuwar makarantar kwana ce ta maza, an kafa ta tun 1440, kuma 'ya'yan manya da masu hali ne suka fi yin karatu a cikinta. Mahaifinsa, George Lyttelton, malami ne a wurin. Kakansa na wajen uba kuwa yana riƙe da sarautar gargajiya ta Ingila. Yaron da ya tashi a irin wannan gida akan sa ran zai zama hafsan soja, ko malami, ko babban ma'aikacin gwamnati. Busa ƙaho a gidajen rawa ba ya cikin lissafi.

Amma tun yana ɗalibi a Eton ya ji faifan wani mabushi ɗan Amurka mai suna Louis Armstrong, abin ya shiga ransa. An haifi Armstrong a New Orleans a 1901, a cikin talauci, kuma fayafayan da ya yi a shekarun 1920 su ne suka nuna wa duniya irin abin da mabushi ɗaya zai iya yi da ƙaho. Akwai kuma wani Bature ɗan Landan, Nat Gonella, wanda yake bin salon Armstrong, shi ma ya burge yaron. A 1936, yana da shekara 15, Lyttelton ya sami ƙahonsa na farko, ya kuma kafa 'yar ƙungiya ta mutum huɗu tare da abokan karatunsa.

Bai yi malamin jaz ba. Garmaho ne malaminsa. Yakan sa faifai ya saurara, ya ɗaga allurar ya mayar da ita baya, ya sake saurarawa, sannan ya ɗauki ƙaho ya kwaikwayi abin da ya ji. Yawancin fayafayan jaz na wancan zamani ba su ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowane gefe, don haka mai naci yana iya haddace su tsaf. Akwai kuma dalilin da ya sa samarin Ingila suka dogara da faifai haka. Daga tsakiyar shekarun 1930 har zuwa 1956, saɓani tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago na makaɗan Birtaniya da na Amurka ya sa kusan an hana makaɗan jaz na Amurka yin wasa a Birtaniya. Wanda yake son kiɗan ba ya ganin masu shi, sai dai ya ji su a garmaho.

Da ya bar Eton, an tura shi aiki a masana'antar ƙarfe ta Port Talbot, a kudancin yankin Wales. A can ya zauna da leburori, ya ga irin wahalar da suke sha, abin da bai taɓa gani a gida ko a makaranta ba. Wannan zama ya sauya tunaninsa, ya sa ya karkata ga ra'ayin gurguzu na tausaya wa ma'aikata har ƙarshen rayuwarsa.

SHEKARUN YAƘI

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Lyttelton ya zama hafsa a rundunar da ake kira Grenadier Guards. Yana cikin sojojin da suka sauka a gaɓar Salerno ta ƙasar Italiya a 1943, kuma ana ba da labarin cewa ya sauka ne da bindiga a hannu ɗaya, ƙaho a ɗaya hannun.

Ranar 8 ga Mayu, 1945, aka yi bikin ƙarewar yaƙi a Turai. Dubban mutane suka taru a ƙofar fadar Buckingham a Landan suna murna. Lyttelton yana cikinsu da ƙahonsa, aka ɗora shi a kan amalanke ana turawa, yana busa. Ma'aikatan BBC da suke watsa labarin bikin sun ɗauki sautin taron, busarsa kuma ta fito a ciki. Wannan ne karo na farko da aka ji shi a rediyo, ba tare da shi ko BBC sun shirya hakan ba.

KAFA ƘUNGIYA DA FAYAFAYAN FARKO

Bayan yaƙi ya shiga makarantar koyon zane ta Camberwell a Landan. A 1947 ya shiga ƙungiyar wani makaɗin piyano mai suna George Webb, wadda take ƙoƙarin farfaɗo da tsohon salon New Orleans. A 1948 ya kafa tasa ƙungiyar, kuma ya ci gaba da jagorantarta har shekara 60. Da yake busa kaɗai ba ta ciyar da mutum a lokacin, ya yi aikin zanen barkwanci a jaridar Daily Mail daga 1949 zuwa 1956. Abokin aikinsa a jaridar, Wally Fawkes, shi ne kuma mai busa masa kilarinet, wani kayan busa na itace mai ɗan kama da algaita. Mazaunin ƙungiyar shi ne wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gida mai lamba 100 a titin Oxford na Landan, inda matasa suke cika suna rawa. Har yau ana kiɗa a wannan wuri.

A watan Nuwamba na 1949 wani babban al'amari ya faru. Sidney Bechet, ɗaya daga cikin manyan mabusan New Orleans, ya zo Landan. Duk da hanin da aka yi, ya hau dandamali ya yi wasa tare da ƙungiyar Lyttelton, suka kuma naɗi fayafayai tare a kamfanin Melodisc. An gurfanar da waɗanda suka shirya wasan a kotu aka ci su tara. Ga Lyttelton kuwa, gani ya kori ji. Wanda ya yi shekaru yana kwaikwayon faifai, ga shi yau kafaɗa da kafaɗa da mai abin, dole ya saurara ya kuma ba da amsa nan take.

Daga nan ƙungiyar ta riƙa fitar da fayafayai a kamfanin Parlophone. A farkon shekarun 1950 Lyttelton ya haɗa gwiwa da makaɗa 'yan yankin Karebiyan da suke zaune a Landan, cikinsu har da mabushi Freddy Grant, suka yi fayafayai da sunan Grant-Lyttelton Paseo Jazz Band. A cikinsu sun gauraya jaz da kaɗe-kaɗen tsibiran Karebiyan. Wannan ya nuna tun da wuri cewa ba ya son a ɗaure shi a salo ɗaya.

RIGIMA DA MASOYANSA

Yawancin masoyan Lyttelton na farko 'yan mazan jiya ne a harkar kiɗa. A ganinsu jaz na gaskiya shi ne wanda aka yi a New Orleans kafin 1930, duk abin da ya biyo baya kuwa gurɓatacce ne. Sun fi tsanar saksofon, domin suna ganin kayan busa ne na 'yan zamani. A 1953 Lyttelton ya ɗauki wani gwanin saksofon mai suna Bruce Turner a ƙungiyarsa. A wani wasa da suka yi a babban ɗakin taro na birnin Birmingham, wasu 'yan kallo suka ɗaga ƙyalle da rubutu suna cewa sabon mabushin ya koma gida.

Ku lura da abin da yake gaban Lyttelton a nan. Waɗannan mutane su ne masu sayen tikiti da faifai, wato abincinsa yana hannunsu. Da ya kori Turner ya koma kwaikwayon tsofaffin fayafayai, da sun ci gaba da tafa masa. Amma ya fahimci cewa su kansu mutanen New Orleans ba su tsaya wuri ɗaya ba. Armstrong na 1950 ba ya busa irin ta Armstrong na 1925. Hausawa suna cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Lyttelton ya riƙe Turner, daga baya ma ya ƙara masu saksofon, irin su Tony Coe da Jimmy Skidmore da Joe Temperley, da wata mace gwana mai suna Kathy Stobart. Wasu masoya sun guje shi, wasu sababbi sun zo. Littafinsa na farko, wanda ya fito a 1954, sunansa I Play As I Please, ma'ana yana busa yadda ya ga dama.

FAIFAN DA YA FI SHAHARA

A 1956 ya naɗi faifan da ya fi kowanne shahara a cikin ayyukansa, mai suna Bad Penny Blues. Sunan yana nufin kwabon jabu, domin Turawan Ingila suna da wata magana cewa kwabon jabu kullum sai ya dawo. Mutum huɗu ne kawai suka yi kiɗan: Lyttelton da ƙaho, Johnny Parker da piyano, sai mai ganga da mai babban goge mai kaurin murya.

Injiniyan da ya ɗauki sautin wani saurayi ne mai suna Joe Meek. A wancan lokaci aikin injiniya shi ne ya ɗauki kiɗa yadda aka yi shi. Meek kuwa ya ƙara wa ƙananan muryoyin piyano ƙarfi, ya kuma fito da sautin ganga gaba fiye da yadda aka saba. Lyttelton bai ji sakamakon ba sai bayan an gama, kuma ya sha faɗa daga baya cewa da ya ji shi da wuri da ya hana a fitar da shi. Faifan ya fito, jama'a suka yi ta saye. Ya kai matsayi na 19 a jerin fayafayan da aka fi saye a Birtaniya, ya yi mako shida a jerin, kuma shi ne faifan jaz na farko na 'yan Birtaniya da ya shiga cikin ashirin na sama. Masana kiɗa da yawa suna ganin tasirin piyanon wannan faifai a waƙar Lady Madonna, wadda ƙungiyar Beatles ta fitar a 1968.

HAƊUWA DA MASU ABIN

A wannan shekara ta 1956 aka sassauta hanin da aka yi wa makaɗan Amurka. Louis Armstrong ya zo Landan a watan Mayu, ƙungiyar Lyttelton kuma tana cikin waɗanda suka yi wasa a dandamali ɗaya da shi. A ƙarshen wasannin Lyttelton ya ɗora wa Armstrong wani kambi da aka haɗa da hannu, don ya nuna wa jama'a wane ne sarkin wannan kiɗa. Yabon gwani ya zama dole. Armstrong shi ma ya yaba busar Lyttelton a fili. Daga Birtaniya Armstrong ya wuce Akara a wannan wata, kuma a 1960 ya ziyarci Nijeriya.

Bayan haka manyan makaɗan Amurka da suka zo Birtaniya sun riƙa yin aiki da ƙungiyar Lyttelton. Mawaƙi Jimmy Rushing ya zagaya ƙasar tare da su a ƙarshen shekarun 1950. A 1959 ƙungiyar ta je Amurka ta yi wasanni. A shekarun 1960 kuma mabushin ƙaho Buck Clayton, wanda ya yi suna a ƙungiyar Count Basie, ya yi wasanni da fayafayai tare da Lyttelton, suka zama aminai. Idan kun tuna tambayar da muka fara da ita, ga amsarta a aikace: masu abin sun yarda su tsaya kusa da shi su yi busa tare.

MURYARSA A REDIYO

BBC da kuka sani da Sashen Hausa, wanda ya fara aiki a 1957, tana da tashoshi da dama na cikin gida a Birtaniya. A 1967 Lyttelton ya fara gabatar da wani shiri mai suna The Best of Jazz, ya kuma yi kimanin shekara 40 yana gabatar da shi a tashar Radio 2. A cikin shirin yakan sa fayafayai, tsofaffi da sababbi, ya bayyana wanda ya yi busa, da lokacin da aka yi, da abin da ya kamata mai sauraro ya kasa kunne ya ji. Ta haka ya zama wa wasu malamin da shi bai samu ba yana yaro.

A 1972 aka ba shi wani aiki daban a tashar Radio 4: shugabancin shirin barkwanci mai suna I'm Sorry I Haven't a Clue, wato "ku yi haƙuri, ban san komai ba". A shirin, 'yan wasan barkwanci huɗu sukan yi gasar wasanni na shirme, shi kuma yana alƙalanci. Salonsa shi ne ya nuna kamar ya gaji da su duka, ya karanta abin ban dariya da murya ta dattako ba tare da ya yi ko murmushi ba. Ya san lokacin da zai yi shiru da lokacin da zai saki kalma, kuma wannan sanin lokaci horon jaz ne. Ya shugabanci shirin har shekara 36. Miliyoyin mutanen da ba su damu da jaz ba ta wannan shiri suka san shi.

SHEKARUN ƘARSHE

Lyttelton yana da sha'awar kyakkyawan rubutun hannu, har ya zama shugaban wata ƙungiya ta masu wannan fasaha. Da ya kafa kamfanin fayafayai na kansa a farkon shekarun 1980, sai ya sa masa suna Calligraph, daga kalmar Turanci ta fasahar rubutun hannu. Kamfanin ya ba shi 'yancin naɗar abin da yake so, ya kuma fitar da ayyukan wasu makaɗa da mawaƙa. A 1995 gwamnati ta yi masa tayin lambar girma wadda ake kiran mai ita "Sir", ya ƙi karɓa.

Tsufa bai raba shi da son sabon abu ba. Yana dab da shekara 80, matasan ƙungiyar Radiohead suka nemi taimakonsa a wata waƙa mai suna Life in a Glasshouse. Ya je da makaɗansa suka yi aikin tare, waƙar ta fito a 2001 a kundinsu mai suna Amnesiac. Ya ci gaba da busa da aikin rediyo har makonnin ƙarshe na rayuwarsa. Ya rasu ranar 25 ga Afrilu, 2008, a wani asibiti a arewacin Landan, bayan an yi masa tiyata a babbar jijiyar jini. Yana da shekara 86.

ABIN DA ZA MU KOYA

Hanyar da Lyttelton ya bi tana da matakai huɗu, kuma kowannensu yana da amfani ga mai koyon harshe. Ya fara da sauraro mai yawa. Sannan ya kwaikwayi gwanaye ba tare da jin kunya ba, domin da rarrafe yaro kan tashi. Da dama ta samu, ya shiga cikin masu abin ya yi busa da su, ko da yake sun fi shi. A ƙarshe ya yi amfani da abin da ya koya wajen faɗin abin da yake ransa, kuma bai daina ambaton waɗanda ya koya daga gare su ba.

Ku ma kuna da naku garmahon. Ku saurari labarai da Hausa a rediyo kullum, ko da na minti goma ne. Ku zaɓi jimla biyu ko uku ku maimaita su da ƙarfi, kuna kula da hawa da saukar murya da tsawon wasali, domin su ne suke bambanta ma'anar kalmomi da yawa a Hausa. Idan kun haɗu da Bahaushe a kasuwa ko a unguwa, ku gaishe shi ku yi ciniki da Hausa. Zai yiwu ku yi kuskure a gyara muku, wannan ma karatu ne. Bayan haka ku fara rubuta labarin garinku da al'adunku da Hausa, da kalmomin da kuka zaɓa da kanku.

MA'ANAR KALMOMI

mabushi: mai busa ƙaho ko algaita ko sarewa
faifai: abu mai faɗi, zagayayye, da ake naɗar kiɗa ko magana a kansa, jam'insa fayafayai
garmaho: na'urar da ake sa faifai a kanta a saurara
badujala: kiɗa da busa irin na soja ko 'yan sanda
kari: yadda muryoyin waƙa suke hawa da sauka
amshi: abin da mataimakan mawaƙi suke maimaitawa bayan ya rera
naci: dagewa a kan abu ba tare da gajiya ba
hafsa: babban soja mai ba da umarni
amalanke: abin ɗaukar kaya mai ƙafafu da ake turawa da hannu
jabu: abin da ba na gaskiya ba, musamman kuɗi
dandamali: wuri mai tudu da ake hawa a yi wasa ko jawabi
kambi: hular sarauta ta ƙarfe irin ta sarakunan Turai

TAMBAYOYI

1. A wane birni jaz ya tsiro, kuma su wane ne suka ƙirƙiro shi?
2. Ku kawo bambanci biyu tsakanin ƙahon Lyttelton da kakaki.
3. Me ya sa samarin Ingila suka dogara da faifai wajen koyon jaz?
4. Ta yaya aka fara jin busar Lyttelton a rediyo?
5. Me ya fusata wasu masoyansa a 1953? Wane mataki ya ɗauka?
6. Wace rawa Joe Meek ya taka a faifan Bad Penny Blues?
7. Ku ambaci shirye-shirye biyu da ya gabatar a BBC, da shekarar da ya fara kowanne.
8. A ganinku, ya kyautu mai fasaha ya bi son masoyansa ko ya bi nasa ra'ayin? Ku kawo hujja.

NAHAWU: ƊAFA-GOSHIN "MA-"

A cikin wannan darasi kun ga kalmomi irin su mabushi da makaɗi. Ana gina su ne daga aikatau ta hanyar sa "ma-" a farko, don a nuna mai yin aikin. Namiji yana ƙarewa da "-i", mace da "-iya", jam'i da "-a".

kaɗa: makaɗi, makaɗiya, makaɗa
busa: mabushi, mabushiya, mabusa
rubuta: marubuci, marubuciya, marubuta
gada: magaji, magajiya, magada

Ku lura cewa wasu baƙaƙe sukan sauya idan wasalin "i" ya biyo bayansu: "s" takan koma "sh", "t" takan koma "c", "d" kuma takan koma "j". A jam'i sai baƙin asali ya dawo.

AIKI

A. Ku gina namiji da mace da jam'i daga waɗannan aikatau: noma, gina, ɗinka, saƙa, aikata, ƙaryata.

B. Ku nemo karin magana huɗu da aka yi amfani da su a cikin darasin, ku bayyana ma'anar kowanne, sannan ku sa biyu daga cikinsu a jimlolinku.

C. Ku jera waɗannan shekaru, ku rubuta abin da ya faru a kowacce a jimla ɗaya: 1921, 1936, 1948, 1956, 1972, 2008.

JINGA

Ku zaɓi wani mabushi ko makaɗi na yankinku. Ku rubuta tarihinsa da Hausa a cikin kalmomi 150, ku faɗi inda aka haife shi, da kayan kiɗan da yake amfani da shi, da yadda ya koyi sana'arsa. Za ku karanta wa 'yan ajinku a darasi na gaba.